Sawu a Kan Gilashi

Da aka dawo daga cin abincin rana, gilashin ba ya nan. An bar shi jingine da bangon gareji, a naɗe cikin wani tsohon bargo, inda rana ke dukansa. Yanzu sai guntayen katakon da aka ɗora shi a kai. Kafin a ce me, kanikawa da masu fenti da masu walda sun cika wurin, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa inda babu komai.

Gilashin gaban mota ne, amma ba irin wanda ake shiga kasuwa a saya ba. Motar tsohuwar motar tsere ce, koriya, mai kujera biyu, an daina ƙera irinta tun kafin a haifi yawancin masu tsaye a wurin. Sai da aka yi wata da watanni ana cigiya kafin a samo gilashinta daga wata ƙasa, ya iso cikin akwatin katako mai tambura. Akwatin yana nan a inuwa, a rufe, ko taɓa shi ba a yi ba.

Aka aika a kira Mai Sawu, don dalili biyu. Shi ne mai motar yanzu, kuma shi ake kira duk ranar da abu ya yi ƙafa. Ya yi rabin rayuwarsa a gandun daji yana bin sawun ɓarayin namun daji, da ya bar aiki sai unguwa ta gaje shi, daga akuya zuwa keke. Motar kuwa ta ɗansa ce, Auta, wanda ya sayo ta tana gawa ya yi shekaru yana tada ta a wannan garejin. Wata safiya, a kwanar bayan gidansu, ta gangara a hankali ta daki bango. Motar ba ta ji wani ciwo ba in ban da fitila ɗaya da tsagar gilashi. Auta kuwa an fito da shi babu rai. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, amma ko kafin ya bugu ne ko bayan ya bugu, wannan bai iya cewa ba.

Tun daga ranar Mai Sawu yake cin abinci don an ajiye, yake amsa gaisuwa don an gaishe shi. Bai yi kuka ba, bai kuma ji yana son yi ba. Da ya yanke shawarar sayar da motar, a bakin ƙofa ya faɗa wa matarsa yana neman hularsa, bai tsaya jin amsarta ba.

Ya shigo garejin ya tarar an sa Mai Gilashi, wanda aka ba aikin sa gilashin, a tsakiya. Baƙo ne a wurin, bai daɗe da kafa rumfarsa ba, kuma ba ya zama hira, abin da a gareji ya isa laifi.

Shugaban kanikawa ya tare shi. "Baba, magana a fili take. Ɓarawon waje akwati zai ɗauka, ga shi da tambura. Wa ya san sabon yana cikin wancan tsumman bargon? Sai ɗan hannu. Na ba shi zuwa lokacin tashi. In bai fito da shi ba, mu miƙa shi ga hukuma, mu kwashe rumfarsa."

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Mai Sawu. "Kun riga kun tattake rabin maganar."

Wajen bangon babu abin karantawa, ƙafafu sun yi masa kaca-kaca. Sai ya zagaya bayan motar, inda ruwan wankin motoci ke gangarawa ƙasa ba ta bushewa. Nan ya samu. Takalmin namiji ne, babba, duddugen dama ya cinye ta baya fiye da na hagu. Haka takalmin direba ke yi, don a kan wannan dudduge yake juya ƙafa tsakanin totur da birki. Sawun ya tsaya a ƙofar direba, ya daɗe a tsaye, sannan ya nufi bango. Daga can ya juyo da nauyi, taku ya gajarce, ga wani siririn layi yana binsa a ƙasa kamar an ja zare. Ya bi ta bayan tulin tsofaffin tayoyi har zuwa shingen kwano, inda wani kwano ya saki ƙusa, in an ture shi mutum zai wuce.

Mai Sawu ya ratsa gefen motar bai kalli cikinta ba. Tun ranar nan bai kalla ba.

Maigadi yana kan bencinsa a bakin ƙofa, da shatin tabarma a kumatunsa.

"Ka yi barci?"

"Ni? Haba Baba. Idona kawai na rufe saboda rana."

"Da ka buɗe, wa ka gani?"

Maigadi ya sosa ƙeya. "Dillali. Ya dawo tun mutane ba su dawo ba. Ya shiga yana waige-waige, ya daɗe wajen motar."

"Ta nan ya fita?"

"To, fitar ce dai ban gani ba. Ranar ta ƙara zafi."

Dillali yana jingine da motarsa yana danna waya. Shi ya samo mai saye, kuma mai sayen ne ya ce ba zai karɓa da tsagagge ba. Dillalin direba ne na ƙwarai, ya san kwanon da ya saki ƙusa, ya kuma san abin da gilashin nan zai kawo a hannun wanda ya san darajarsa.

"Ɗaga ƙafarka," in ji Mai Sawu.

"Baba, ni kake zargi? Ni da nake wahala a kan motar nan kamar tawa?"

"Ɗaga."

Duddugen dama ya cinye, ba shakka. Amma takalmin mai tsini ne, ƙasansa sumul, na bayan motar kuwa faffaɗa ne mai zane.

"Me ka dawo yi?"

Dillali ya yi ta kame-kame, daga baya ya miƙo wayar. Hotunan motar ne ta kowane gefe. Ashe ya samu wani mai sayen da ya fi na farko hannu, yana so ya tura masa ba tare da Shugaba ya ji ba, don na farkon surukin Shugaba ne. A hoton ƙarshe ana hango bargon can jikin bango, yana nan daram.

"Ka rufa mini asiri, Baba."

Mai Sawu ya mayar masa da wayar. A da, da ya yi dariya har ya ba matarsa labari da yamma. Yanzu abin ya wuce ta gabansa kamar motar haya da ba tasa ba.

Mai Gilashi yana zaune a rumfarsa, hannuwa tsakanin gwiwoyi, an sa wani mai walda yana gadinsa. Takalmin roba ne a ƙafarsa, kuma ko keke ba ya tuƙawa.

"Me ya sa ka fitar da sabon daga akwati?"

"Irin waɗannan tsofaffin motocin ba a manna musu gilashi da gam, Baba. Roba ce ke riƙe shi. Sai ka sa masa robar a kewaye, ka cusa igiya a cikin ramin robar, ka shafe da ruwan sabulu, ka bar shi a rana robar ta yi laushi. Bargon don kada wani ya goge shi da ƙarfe ne. In an dawo, ɗaya ya danna daga waje, ɗaya ya ja igiyar daga ciki, bakin robar ya hau ƙarfe. Haka aka koya mini."

"Igiyar tana da saura a waje?"

"Bakinta biyu suna lilo. In zan ɗauka nakan naɗe su a hannu, don in ka taka igiya kana ɗauke da gilashi, shi ke nan."

"Yaya ake ɗaukarsa?"

"A tsaye, a gefen jiki, kamar ƙofa."

Mai Sawu ya tuna sawun. Mai ɗaukar abu a gefe yakan danna ƙafa ɗaya fiye da ɗaya. Wannan kuwa ƙafafunsa biyu sun danna daidai, a ware, irin tafiyar wanda ya rungumi abu a ƙirji ba ya ganin gabansa. Ga igiya tana jan ƙasa. Ko wane ne, bai taɓa ɗaukar gilashi ba.

Ya juya zai tafi, sai Mai Gilashi ya ce, "Ba ka tambayi tsohon ba."

"Me zan yi da shi?"

"Ba komai. Yana cikin akwatin. Kullum haka nake yi, tsoho ya shiga gidan sabo don kada ya yanki wani kafin a zubar. Ya fita lafiya, bai ƙarasa fashewa ba." Ya ɗago ya dube shi. "Baba, ina da iyali. In aka shafa mini wannan, babu garejin da zai sake ba ni inuwa."

"Na ji," in ji Mai Sawu. Ya ji ɗin, amma kamar daga ɗaki na uku.

Ya ture kwanon ya fita lungun baya. Lungu ne siriri, kwata a tsakiya, bangayen gidaje hagu da dama. Layin igiyar ya yi masa jagora. Mai ɗaukar ya huta a gindin wani bango, ya sake hutawa ba da nisa ba, alamar ba ƙarfi gare shi ba. Wani abu kuma ya fara damun Mai Sawu. Takalmin babba ne, amma gabansa ba ya danna ƙasa. Dudduge da tsakiya suna fitowa sarai, wajen yatsu kuwa sai inuwa-inuwa, kamar babu kowa a ciki.

Inda kwatar ta tsallaka lungun, laka ta yi kauri. Nan takalmin hagu ya maƙale, ƙafar ta zare daga ciki ta sauka tsirara a gefe kafin a mayar da ita. Sawu ɗaya tak. Ƙaramar ƙafa, ƙaramin yatsanta ya hau kan na kusa da shi.

Mai Sawu ya tsuguna. Ba don ya ƙara gani ba, ya riga ya gani. Wannan ƙafar ya fi saninta da tasa. Ya ganta a jiƙe a tsakar gida, ya ganta a kumbure lokacin cikin Auta, ya sha tsokanar wannan yatsan da cewa shi kaɗai ne ɗan goyo da bai taɓa sauka ba. Sai ya tuna takalman Auta da ke bakin ƙofar ɗaki, waɗanda matarsa ta hana kowa ɗagawa. Ya tuna ƙarar jan takalmi da yake ji da safe a tsakar gida, ƙarar da ta yi wa ƙafarta yawa. Kullum yana ji, bai taɓa leƙawa ba.

Daga nan lungun ya yi kwana ɗaya ya ɓulla bayan gidansa.

Ya miƙe ya ɗora tafin takalminsa a saman sawun. Murzawa ɗaya ta isa. In ya ce sawu ya ɓace a kan kwalta, wa zai musa masa? Babu wanda zai ji cewa Maman Auta, wadda ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba, ta bi ta ramin shinge da takalmin mamaci ta kwashi kaya. Ya tsaya haka ƙafa a sama, yana jira ya ji kunya, ko fushi, ko tausayi. Ko ɗaya bai zo masa ba. Sai hayaniyar gareji da ke tasowa ta kan shinge, da muryar Shugaba yana cewa a fara kwance rumfar.

Ya janye ƙafarsa ya koma.

Ya tara su a gaban motar, Shugaba, Dillali, Maigadi, Mai Gilashi, sauran jama'a a bayansu. Ya sa aka jawo akwatin aka ajiye kusa da guntayen katakon.

"Shugaba, ka ce ɓarawon waje akwati zai ɗauka."

"Haka ne."

"Ɗan hannu kuma bargo."

"Shi ya sa muka ce..."

"To wanda ba ɗan hannu ba, kuma ba sabon yake so ba fa? Ya shigo ya ga mota babu gilashi. Ya ga akwati a rufe da tambura a inuwa, ya ga wani abu cikin tsumma a jikin bango kusa da bola. Wanne zai ce shi ne tsohon?"

Dillali ya ce, "Wa zai saci tsagaggen gilashi? Ko kyauta ba mai karɓa."

"Ba sata ba ce," in ji Mai Sawu. Muryarsa ta fito daidai, kamar yana faɗin farashin taya. "Gilashin yana gidana. Maman Auta ce ta ɗauka. Ta zaci na ɗanta ne."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka tuna suna da aiki a ƙarƙashin mota. Waɗannan mutanen su suka ɗauki Auta a kafaɗa, kuma babu wanda bai taɓa cin abincin da take aiko masa da shi ba.

"A mayar masa da rumfarsa," in ji Mai Sawu. "Kuma a ba shi haƙuri da baki, ba da ido ba."

Shugaba ya je ya kama hannun Mai Gilashi da hannu biyu. Dillali ya matso ya rage murya. "Baba, mai saye fa?"

"Wanne daga ciki?"

Dillali ya ja da baya. Mai Sawu ya dubi Mai Gilashi ya nuna akwatin. "Kama mini wancan gefen."

Ta ƙofar gaba suka bi, a kan titi, akwatin a tsaye a tsakaninsu.

Ƙofar ɗakin Auta a buɗe take, karo na farko a cikin watanni. Takalman suna bakin ƙofa, na hagu da laka har wuya. A ciki, Maman Auta tana zaune a ƙasa, gaban rigarta duk baƙin roba da busasshen sabulu. Ta jingine gilashin da gado ta yaye bargon. Sabo fil, babu ko ƙwarzane, ana ganin zanen gadon ta cikinsa kamar babu komai a wurin.

Ba ta waigo ba. "Na buɗe, Malam. Babu shi a nan."

"Na sani. Ga shi mun kawo."

Mai Gilashi ya cire ƙusoshin akwatin, ya zaro tsohon ya tsayar da shi a jikin bango a kan bargon. Ya naɗe bakin igiya a hannu, ya ɗauki sabon a gefen jikinsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Mama, bakinsa na da kaifi ta ƙasa, a yi hankali." Sannan ya fita.

Tsagar tana gefen direba, wani farin tabo kamar an danna babban yatsa a ƙanƙara, da jijiyoyi suna fita daga jikinsa. Maman Auta ta matsa ta ɗora tafin hannunta a kai.

"Ka ce za ka sayar, ban ce komai ba. Mota ƙarfe ce. Amma da na ji za a zubar da wannan a bola..." Ta shafa tabon. "Nan ne wuri na ƙarshe da ya taɓa."

Mai Sawu yana tsaye yana kallon bango sama da gilashin.

"Malam, ka bi sawun akuyar kowa a unguwar nan. Yau har nawa ka bi. Wannan kaɗai ka ƙi dubawa." Ta ɗauke hannunta. "Karanta mini. Likita ya ce bai sani ba. Kullum in na rufe ido ina ganin ya ga bangon yana zuwa, yana kirana. Ka duba ka faɗa mini, ya ji zafi?"

Ya so ya ce gilashi ba ƙasa ba ne. Amma ido ya riga ya sauka, kuma idon da ya saba ba ya neman izini. Ya tsuguna.

Auta dogo ne. In yana zaune a motar nan, kansa har yakan wuce saman gilashin, abokai suna masa tsiya cewa motar yake sawa kamar wando. Mutumin da ya ga bango yana zuwa yakan taka birki, ya tokare hannu a sitiyari, ya ɗaga kai. In ya bugu, da goshi zai bugu, can sama, a tsakiyar gabansa. Mai Sawu ya auna da tafin hannu daga bakin gilashin. Tabon yana ƙasa sosai, dab da inda roba ke kamawa, ya karkata wajen ƙofa. Faffaɗa ne, ba mai zurfi ba, irin na tsakar kai. Sai ya tuna abin da ƙafarsa ta taka a kwanar nan da safiyar ranar, abin da idonsa ya ɗauka ya ajiye bai gaya masa ba: babu shatin birki a ƙasa, ko kaɗan.

Ya sake aunawa, don ba ya so ya ba ta abin da ba gaskiya ba. Haka ya sake fitowa.

"Bai ga bangon ba," ya ce. "Kansa a sunkuye yake, jikinsa ya riga ya saki. Ya tafi tun kafin motar ta isa. Wannan ba bugu ba ne, Maman Auta. Kwantawa ya yi."

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, irin wadda aka daɗe ana riƙewa. "Ka tabbata?"

"Ban taɓa tabbatar da sawu kamar wannan ba."

Ya kai yatsa zai nuna mata inda ya auna. A tsakiyar farin tabon, a cikin tsagar, akwai gashi guda ɗaya, gajere, baƙi, a maƙale. Yatsan ya tsaya a kai ya ƙi tashi. Sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe gaba ɗaya, zafin da ya yi watanni yana jira a bakin ƙofa ya shigo da takalminsa. Wani sauti ya fito daga bakinsa wanda bai san yana da shi ba.

Maman Auta ta janye hannunsa daga bakin gilashin don kada ya yanke, ta riƙe shi a cinyarta.

"Yi abinka, Malam," ta ce. "Na daɗe ina yi ni kaɗai."